Sunan Yaya a Bayan Ambulan

Matar na zaune a kujerar mai gyaran gashi, garin alli a hannun rigarta. Da alama malama ce. An tufke gashinta jela ɗaya, irin wanda ake yankewa a haɗa wa masu ciwon daji hular gashi. Almakashi na buɗe, sai ta ɗaga hannu.

"Dakata, 'yar'uwa. Auta, rubuta sunan Yayarki a bayan ambulan, ita za a kai wa."

Yarinyar na cizon fensir. "Umma, ni fa na tsani rubutu."

"Shi ke nan, a kwance."

Barazana ce kawai. Auta ta kalli jelar, ta durƙusa. Harafin farko na fitowa a karkace, uwar ta runtse ido.

"Yanke."