Kunyar 'Yar Fari a Kan Ƙanƙara

A gidan da na tashi, mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari. Ba wanda ya taɓa zaunar da ni ya koya mini, gani na yi ana yi. Mahaifiyata har ta koma ga Allah ban taɓa jin sunan babban yayanmu a bakinta ba. "Wancan" take cewa, ko "yaron nan", alhali mutumin har ya fara furfura. In baƙi sun yabe shi sai ta kau da kai kamar ana maganar ɗan maƙwabta. Kowa ya san shi ta fi so a cikinmu, kuma da wannan kau da kan aka sani. Da na haifi 'yata ta fari a wani asibiti a Bronx, can ƙasar Turawa, sai na ɗauko wannan kunya yadda na same ta na ci gaba da ita.

Yarinyar ta girma a unguwar Parkchester tana jin ina kwaɗa wa ƙannenta maza biyu kira da sunayensu tun daga kicin, har maƙwabta sun haddace. Ita kuwa "ke" ce. In zan yi maganarta da babanta, "yarinyar nan". A makaranta ko wajen likita in an tambaye ni nakan faɗi sunan da Turanci, a gurguje, kamar mai ba da lambar gida. Amma in dube ta in kira ta, ban taɓa ba. A cikin 'yan uwanmu kuma "'yar Gwaggo" nake cewa. Gwaggo yayar mijina ce, tana zaune a ginin da ke kallon namu, tana da shagon atamfa da turare a unguwar Tremont, kuma Allah bai ba ta 'ya mace ba. Tun ranar suna ta ce wannan tata ce. Na ji daɗi ƙwarai, don an sama mini wurin ɓuya. Ita ke rungumar yarinyar a gaban jama'a, ita ke yi mata kirari, ni ina gefe ina gyara mayafi.

Da yarinyar ta shiga babbar sakandare, makarantarsu ta fara kwasar yara duk Asabar a lokacin sanyi zuwa wani dutse can arewa da birni, su koyi zamiya a kan ƙanƙara. Wasa ne da ake ɗaura wa mutum dogayen alluna biyu a ƙafa, a ba shi sanduna biyu, a ɗora shi saman dutse a ce ya gangaro. Na ce wa babanta wannan ai neman karaya ne da gangan. Ni abin da na sani game da ƙanƙara shi ne baƙin caɓin da ke taruwa a bakin tashar jirgin ƙasa, wanda ya taɓa kayar da ni a gaban masu sayar da kofi, zanina ya jiƙe har cinya. Amma yarinyar ta nace, babanta ya yarda. Ni aikin jinya nake yi kuma Asabar ranar aikina ce, don haka Gwaggo ce ke raka ta wurin bas, ita ke ɗauko ta, wani lokaci ma har ta bi su dutsen da kwandon abincinta.

Wata rana wajen ƙarshen watan Maris ina wanke-wanke yarinyar ta zo ta tsaya a ƙofar kicin. Yadda muke magana da ita shi ne ni in yi Hausa, ita ta amsa da Turanci, kowa na jin kowa.

"Asabar mai zuwa ce ta ƙarshe, daga ita za a rufe dutsen," in ji ta. "Akwai tsere. Iyaye za su je."

Na ce Allah ya kai mu, zan nemi wata ta riƙe mini aiki.

Ba ta tafi ba. Ta yi ta murza bakin rigarta, sannan ta ce, "Umma, in kin zo ki kira sunana. Uwar kowa tana kira. Sau ɗaya kawai."

Dariya na yi, irin wadda mutum ke yi in an taɓa masa inda ba ya so. Na ce, "Ke, ba ki da kunya ne?"

"Na san dalilin, Gwaggo ta gaya mini tuntuni. Na san ba ƙi na kike yi ba. Amma ina so in ji."

Na ci gaba da cuɗa tukunyar da ta riga ta fita. Can na ce, "To."

Wallahi da gaske na faɗi wannan "to" ɗin. Duk makon nan ina gwadawa. In na shiga banɗakin asibiti sai in kunna famfo in faɗi sunan a hankali, in ji fuskata ta ɗau zafi kamar an kama ni ina satar nama a miya. Mace mai 'ya'ya uku, mai ɗaura wa mutane ruwa a jijiya hannunta bai rawa, tana laɓewa a banɗaki tana koyon sunan da ita da mijinta suka zaɓa.

Ran Asabar yara suka yi gaba a bas, ni da Gwaggo muka bi su a motarta. Tunda an ce dutsen ƙanƙara za a je, sai na yi shiri na gaske: wando biyu a ƙarƙashin doguwar riga, suwaita, rigar sanyi mai kai wa gwiwa, safar hannu, da takalmin da na saya shekarar da na faɗi. Gwaggo ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Amarya, hijira za ki yi?" Shekara goma sha da aurena amma Amarya take ce mini. Ita kuwa rigar sanyi mara nauyi ta ɗora a kan atamfa.

Da muka isa na gane abin da take wa dariya. Garin ƙarami ne, titi guda, shagunan kayan wasa da gidajen abinci da masaukin baƙi, kuma duk ya jiƙe sharkaf. Ruwa na zuba daga kowane indararo kamar an yi ruwan sama, alhali rana ce tarwai. Wurin ajiye motoci ya zama taɓo. Shagunan sun fito da rigunan sanyi waje sun karya farashi, wasu ma har sun rufe. Dutsen da nake zato fari fat zan gani, sai na tarar da shi dabbare-dabbare, nan fari, can busasshiyar ciyawa da baƙin dutse. Turawa suna yawo da 'yar shara, fuskokinsu sun yi ja, har na ga wani tsoho yana gangarowa da gajeren wando. Ni kaɗai ce a naɗe kamar ƙunshin goro, gumi na bi mini ta baya.

Yarinyar ta hango mu ta taho da gudu cikin wasu ƙattin takalma, jar hular kwano a kan ɗankwalinta. Ta faɗa jikin Gwaggo, sannan ta dube ni ta yi murmushi. Na ce, "Kin ci abinci?" Ta ce ta ci.

Ta ja mu zuwa gindin dutsen tana yi mana bayani, bakinta ba ya tsayawa. Ta ce ƙanƙarar wannan lokaci kala uku take yi a yini guda. Abin da ya narke jiya yakan daskare da dare, don haka da safe tauri gare ta da santsi kamar gilashi. Da hantsi sai ta saki ta zama ƙwaya-ƙwaya, kuma wannan ce mai daɗi, saboda ita mutane ke zuwa. In rana ta take kuma sai ta yi nauyi, ta jiƙe, ta riƙa kama ƙafar mutum ba zato. Ta ɗebo ta zuba mini a tafin hannu. Na murza na ce wannan ai tsaki ne, a kawo mana zogale mu yi dambu. Ta yi dariya har da riƙe ciki. Rabon da in sa ta dariya haka na manta. Kafin ta tafi ta hau kujerun da ke rataye a waya suna kai mutane sama, ta matso kusa da ni ta ce, "Ki tsaya wajen ragar can ta ƙasa. Nan zan wuce."

An ce da hantsi za a fara, amma aka yi ta gyaran tutoci ana kwaso ƙanƙara da shebur ana rufe inda ƙasa ta fito. Har muka koma bayan mota muka shimfiɗa kwali muka yi azahar. Kafin a saki 'yan mata, filin ya zama abin da ta faɗa, ruwa-ruwa, mai nauyi, ƙafa na nutsewa.

Na tsaya a jikin ragar, Gwaggo na damata. Iyaye mata sun jeru, wasu da ƙararrawa a hannu. Duk yarinyar da ta gangaro sai ka ji uwarta ta tsage da ihu, tana kiran sunanta tana tsalle, ba ruwanta da wanda ke kallo. Da farko na ji kunya a madadinsu. Daga baya na fara kallonsu ina koyo, ina lura da lokacin da suke buɗe baki.

Sai ga jar hula can sama, 'yar mitsitsiya. Ta taho tana karkata dama da hagu tsakanin tutoci, ƙanƙara na fallatsa a bayanta. Ban san ta iya haka ba. Duk lokacin sanyin nan tana dawowa gida tana ba da labari, ni ina cewa "madalla" ina yanka albasa. Ta wuce biyu daga cikin wuraren da wasu suka faɗi. Da ta zo daidai inda muke, saura kaɗan ta gama, sai jiƙaƙƙiyar ƙanƙarar nan ta cafke mata ƙafar hagu. Ta kife, sanda guda ta yi gefe.

Ba ta ji ciwo ba, na gani. Ta yunƙura ta durƙusa a kan gwiwa, ta ɗaga tabaranta, ta juyo ta dubi ragar. Ba sandarta take nema ba. Ni take nema, kuma ta same ni, don ba mai irin rigata a wurin.

Sunan ya taso mini har maƙogwaro. Na buɗe baki. Gwaggo ko kallona ba ta yi, babu wani Bahaushe a duk faɗin dutsen nan da zai ce na yi rashin ta-ido. Amma abin da ya fito shi ne, "Ke! Tashi mana!"

Gwaggo ce ta kira sunan. Ta kira shi da dukan ƙarfinta, ta maimaita, ta bi shi da kirari, ta rangaɗa guɗar da ta sa Turawa suka juyo suna tafi. Yarinyar ta miƙe, ta ɗauki sandarta, ta tura kanta a hankali har ta ƙetare layin. Ni kuwa ina riƙe da raga, gumi ya jiƙa mini wando biyun, ina jin da ƙasa za ta tsage da na shige.

Bayan an gama aka taru a kan wani dandamalin katako a gaban gidan abinci, ruwa na ɗiga daga rufi. Kocinsu, wata doguwar Baturiya mai fara'a, ta ce a yi hoton ƙarshen shekara, kowace yarinya da mahaifiyarta. Ta zo ta kama hannun Gwaggo biyu tana cewa 'yarta jaruma ce, ba kowa ke tashi ya ƙarasa ba. Sannan ta juyo gare ni da murmushi ta miƙo mini wayarta, ta ce ko zan taimaka in ɗauke su. Ba laifinta ba ne. Gwaggo take gani duk Asabar, Gwaggo ta ji yau.

Gwaggo ta dube ni. Ta ce ƙasa-ƙasa, "Amarya, yi magana mana."

Yarinyar ma tana kallona. Ba ta gyara wa kocin ba, ta bar mini. Abin da ake bukata kawai in ce ni ce uwarta. Amma a wurinmu uwa ba ta fitowa gaban jama'a ta ƙwace 'ya daga hannun gwaggonta, kuma ni da bakina na shekara goma sha ina cewa 'yar Gwaggo ce. Bayan haka ma, a wannan lokacin ban ga da wane ido zan shiga layin matan nan ba. Sai na cire safar hannu, na karɓi wayar, har da cewa ba komai.

Suka jeru. Gwaggo ta tsaya a bayan yarinyar, ta rasa inda za ta sa hannunta, daga ƙarshe ta ɗora mata a kafaɗa. Na ɗaga wayar. Kowa na kallona yana murmushi, ban da ita. Ta sunkuyar da kai tana kankare ƙanƙarar da ta maƙale a takalminta da tsinin sanda.

Na ce, "Ke, ɗago kai."

Ba ta ɗago ba. Matan suka fara gajiya da murmushi, wata ta gyara tsayuwa.

"Ke, da ke nake. Ɗago a ɗauka."

Sai ta ɗago. Idonta ya yi ja amma babu hawaye. Ta dube ni ta saman wayar, kuma a karon farko cikin shekaru ta amsa mini da Hausa, Hausarta mai ɗan karkacewa, a hankali yadda ni da Gwaggo kaɗai za mu gane.

"Umma, wa kike kira?"