Kawu da Dokin Injin Niƙa

Har yau in na ji wani ya kira Kawu da "Mai Bulala", sai in ji zuciyata ta tafasa. Ƙanen mahaifiyata ne, siriri mai ƙaramar murya, wanda ko kaza ce ta shigo masa ɗaki lallaɓa ta yake yi ta fita. Tun yana saurayi yake tuƙa amalanken doki a injin niƙan da ke bayan kasuwa, ya kwaso buhunan hatsi, ya kai gari shaguna. Dokin na mai injin ne, amma Kawu ke wanke shi, shi ke sharar turke, shi ke cire masa tsakuwa a kofato.

A da akan haɗa wa dokin dusa da harawa da ciyawa. Da mai injin ya rasu, ɗansa ya karɓi harka, ya ce a daina sayen komai.

"Baba, ga dusa nan har rufi, me za a yi da ciyawa? Dubi ƙibar da yake yi," in ji shi ga Kawu.

Ƙiba kam ya yi. Shi kansa Kawu bai zargi dusar ba. Abin da ya dame shi, dokin ya koma lasar bango yana gaigayar katako. Daga nan sai ɗingishi, yau ƙafar gaba, gobe ta baya. Can kuma fuskarsa ta kumbura daga ƙasan ido zuwa hanci, tauna ma ta zame masa aiki.

Wata safiya, mata sun yi layi da kwanukansu, ɗan mai injin ya tsaya a bakin ƙofa ya ɗaga murya.

"Da me kake dukansa a fuska?"

"Wallahi, Maigida, ban taɓa ɗaga masa hannu ba."

"To aljani ne ya mare shi?"

Aka kwashe da dariya. Ɗan mai injin ya karɓe linzami, ya miƙa wa wani. Kawu ya dawo gida riƙe da burushin goge doki, bai ma san ya taho da shi ba. Mahaifiyata ta yi kuka, ba na tausayi ba, na takaici. Daga ranar sunan "Mai Bulala" ya bi shi, babu mai sake ba shi amanar dabba. Mutumin da furfura ta fara cin kansa ya koma dako a kasuwa.

Ba a daɗe ba dokin ya durƙushe da kaya a tsakiyar titi, ya kasa tashi. Sai a lokacin aka kira likitar dabbobi. Ta shafa fuskarsa, ta tambayi abin da yake ci, ta ɗebi dusar ta kai ɗakin gwaji. Da ta dawo ta yi bayani a fili: dusa tana da sinadarin fosfaras da yawa, kalsiyam mai gina ƙashi kuwa kaɗan ne. In ita kaɗai doki yake ci, jiki sai ya riƙa zuƙo kalsiyam daga ƙashi, ƙashin ya yi laushi ya kumbura.

"Babu wanda ya doke shi," in ji ta. "Cikinsa a cike yake, ƙashinsa ne ke jin yunwa."

Ta ce a ba shi harawa da ciyawa da garin kalsiyam, a bar shi ya huta. Ɗan mai injin ya sayar da shi a satin, ya sayi babur mai ƙafa uku.

Mai kula da injin ne ya tsegunta mana abin da likitar ta faɗa. Na saka mayafi na tafi wurin ɗan mai injin, na ce yadda ya tozarta Kawu a gaban mutane, ya wanke shi a gabansu. Bai ko ɗago kai daga wayarsa ba.

"Haba, 'yar'uwa, abin da ya wuce ai ya wuce."

Ya wuce! Shi ya hana abinci, wani ya ɗauki zunubin, kuma wai ya wuce.

Na dawo ina huci na faɗa wa Kawu. Sai ya ce, "Shi wanda ya saya, an gaya masa maganar harawar?"

Ya bi kasuwar dabbobi yana cigiya har ya gano wanda ya saye shi, wani manomi a bayan gari. Yanzu in ya sami sarari, can yake tafiya da damin harawa a ka. Dokin ba zai ƙara jan amalanke ba, amma ya miƙe, yana zagaya gona a hankali.