Kwana Tara a Ɗakin Usta Abdulrauf

Usta Abdulrauf maƙerin farin ƙarfe ne a Kasuwar Umdurman, inda ake ce wa gwanin sana'a usta. Butoci yake ƙerawa da farantai da 'yan tukwanen dafa gahawa, a rumfar da mahaifinsa ya bar masa. Kakansa ya taso daga Haɗeja da niyyar hajji, ya tsaya a bakin Nilu neman guzuri, bai ƙara gaba ba. Abdulrauf bai taɓa buga ƙwallo ba, domin ƙafarsa ta dama gajera ce tun haihuwa. Amma tun yana ɗan shekara goma yake bin Alfanus, kulob ɗin unguwarsu mai buga rukuni na biyu, kuma da wannan aka fi saninsa.

Aikinsa a kulob na sati biyu ne a shekara. Idan kakar wasa ta ƙare aka buɗe tasjilat, wato lokacin rajistar 'yan wasa, kowane kulob yakan ɓoye wanda ya samo har ranar sa hannu, don kada wani ya janye shi da daɗin baki. Manyan kulob gonaki suke kai nasu. Alfanus ba ta da gona, sai ɗakin baya na gidan Abdulrauf. Shekara goma sha ɗaya ana kawo masa 'yan wasa, bai taɓa rasa ko ɗaya ba.

Yana da ƙa'ida guda: ɗan wasa da takardunsa ba sa zama gida ɗaya. Ranar da aka kawo mutum, sakataren kulob Ibrahimu zai karɓe takardar haihuwa da hotuna da duk wani katin da ke aljihunsa. Ko ya haura katanga, ba kulob ɗin da zai yi masa rajista ba takarda. Abdulrauf ne ya kawo wannan dabarar, kuma yakan faɗa wa duk wanda ya zauna a rumfarsa.

Tasjilat na 1997 bai yi wa Alfanus daɗi ba. Mai tsaron gida ya tafi Jidda aikin direba. 'Yan baya biyu sun koma wani kulob mai ƙarfi na wajen Alshajara. Sannan kwamiti ya soke sunan kyaftin Balarabe, mai shekara tara a kulob, don a buɗe gurbi ɗaya. Gurbin na Muhajir ne, ɗan gaba mai shekara ashirin da ɗaya daga Alsahafa, ɗalibi a wata makarantar koyon lantarki. Mutanen Alshajara ma suna nemansa.

Mahaifiyarsa Kulu da kanta ta rako shi. Ta tsaya a ƙofa ta ce, "Usta, ni ban san ƙwallo ba. Kai na sani. Na san mahaifinka."

"Kwana tara ne, Hajiya. Zan dawo miki da shi ya yi ƙiba."

Muhajir ya yi kwana tara bai leƙa titi ba. Sittana matar Abdulrauf tana kai masa wake da burodi da safe, kisra, wato siririyar wainar dawa, da miya da rana. Yana motsa jiki a tsakar gida tsakanin igiyar shanya da randa. Ranar Juma'a ya sa jallabiya zai tafi masallaci, Abdulrauf ya tare ƙofa.

"Ammu, har sallar ma?" in ji Muhajir. Haka yake kiransa, wato baffa.

"Allah ya san kana cikin tasjilat. Yi azahar a ɗaki."

"Abu Fatna, ka ji tsoron Allah," in ji Sittana daga madafa, da alkunyar da take kiran mijinta. "Ko amarya ba a tsare ta haka."

"Amarya ba wanda ke zagaye gidanta da Fijo."

Gaskiya ne, akwai wata farar Fijo da ta wuce layin sau uku a satin, ana zargin ta mutanen Alshajara ce. A kasuwa maƙwabtan rumfarsa ba su bar shi ya huta ba. Wani tela mai goyon bayan mutanen Alshajara yakan ɗaga murya kowace safiya: "Ya zol, kai mutumin nan, kazar taka ta yi ƙwai ko tukuna? Ka kula da ita, mu ne za mu ci!" Abdulrauf sai ya ƙara ƙarfin guduma.

Ranar da hukumar ƙwallo ta ba Alfanus ita ce ta ƙarshe, Laraba, kuma ƙarfe biyu ake rufe ofis a Khartoum. Abdulrauf ne ya tsara tafiyar. Ibrahimu zai fita da motar shugaban kulob, da takardun, da wani mutum a kujerar baya an rufe masa fuska da rawani. Masu Fijo za su bi su. Shi da Muhajir kuwa za su fita ta ƙofar baya su hau motar haya kamar kowa.

Masu Fijo sun bi Ibrahimu, kamar yadda aka tsara.

A shekarun nan kowa ya san kasha. Sojoji kan tsayar da motocin haya su sauke samari, duk wanda bai nuna katin makaranta ko shaidar gama hidimar soja ba, a jefa shi babbar mota zuwa sansani. Abdulrauf ya sani. Ya ga an yi a gaban kasuwa ba sau ɗaya ba. Ya ce kwana taran nan bai tuna da ita ba ko sau ɗaya, Fijo kawai yake gani.

A bakin gadar Farin Nilu aka tsayar da su, wajen ƙarfe goma. Soja ya leƙo ya nuna mutum huɗu da yatsa, har da Muhajir. Muhajir ya sa hannu a aljihun jallabiya, sannan ya juyo ya dubi Abdulrauf.

"Ammu, katina."

Abdulrauf ya sauko yana ɗingishi. Ya ce wa sojan yaron ɗalibi ne, katinsa na wajen sakatare, sakatare yana Khartoum, minti ashirin ne. Sojan ya tambaya sakataren wace ma'aikata. Ya ce na Alfanus. Sojan bai taɓa jin sunan ba. Ya ce kowa katinsa na wajen wani, Haji ya koma mota kada a tafi a bar shi.

Muhajir ya hau babbar motar da kansa, ba wanda ya tura shi. Ya cire rawanin da aka naɗa masa don ɓoye fuska, ya miƙo wa Abdulrauf ta saman ƙarfen.

A ƙofar hukumar magoya bayan Alfanus sun fi hamsin, da ganga da tuta. Da suka ga Abdulrauf shi kaɗai suka ɗauka wata sabuwar dabara ce, suka yi masa tafi. Ya faɗa wa Ibrahimu a gefe. Ibrahimu ya buɗe jaka ya dubi katin, ya rufe. Suka koma gada da motar shugaba, ba kowa sai masu sayar da lemo. Suka je sansani ɗaya aka ce ba nan ba. Ibrahimu ya dubi agogo ya ce gurbin ba zai tafi a banza ba. Aka aika neman Balarabe, ya ce a gaya wa kwamiti yana barci. Ƙarfe biyu saura kwata aka yi wa mutumin nan na kujerar baya rajista, wani ɗan tsakiya da ya daɗe a benci. Masu ganga suka buga masa kaɗan, suka watse.

Sati uku Abdulrauf ya rufe rumfa yana yawo da katin daga sansani zuwa sansani. A ƙofa ta huɗu wani kofur ya sami sunan a takarda, ya ce an wuce da rukuninsu horo wajen gari, kati ba ya dawo da wanda aka riga aka rubuta. Bayan wata biyar wasiƙa ɗaya ta zo daga Juba, can kudu inda ake yaƙi, layi shida. Ba a ƙara samun wata ba, ba a kuma kawo labarin komai ba.

Alfanus ta gama kakar a ta tara. Abdulrauf bai fasa zuwa fili ba, wuri ɗaya yake zama, ba ya ihu. Idan aka tambaye shi ra'ayinsa kan tasjilat na shekarar, yakan lissafa su a jere: mai tsaron gida Jidda, 'yan baya biyu Alshajara, Balarabe an soke, an ɗauki ɗan tsakiya. A nan yake tsayawa. Telan nan bai ƙara yi masa maganar kaza ba.

Abin da ya fi ba da labarinsa shi ne yammacin Larabar, da ya hau mota zuwa Alsahafa. Ya samu Kulu tana tankaɗe a tsakar gida. Ya tsaya ya faɗa mata komai a jere, gada da soja da kati, da kuma wanda ya kawo dabarar raba mutum da takardunsa. Ba ta ajiye rariyar ba. Da ya gama ta tambaye shi ko yaron ya karya kumallo kafin su fita.

Ya ce ya karya.

Ta ce to, ta ci gaba da tankaɗe. Ya ɗan ƙara tsayawa, ba ta ce ya zauna ba, ba ta ce ya tafi ba.