Ranar da Baba Ɗanjuma ya miƙe sau biyu

Daga Funtuwa

Ko kiran sallar farko ba a yi ba muka kama hanyar tasha, ni da Baba Ɗanjuma, yayan mahaifina. Shi ne shugaban masu kilishi na unguwarmu, ni kuwa malamin firamare ne, an ɗauko ni saboda Turanci. Abin da ya tashe mu shi ne daftarin ƙa'idar da hukumar kula da tsaftar abinci ta fitar, cewa duk naman da za a ƙulle a leda a sayar sai an busar da shi da inji a rufaffen ɗaki. Mu kuwa tun kakanni a rana muke shanya, a kan gadon kara. In ƙa'idar ta wuce a haka, gidanmu ya rufe. An ce za a yi zaman jin ra'ayin jama'a a Abuja kafin a sa hannu.

Baba ya rungume ƙunshin kilishi a cinya, bai yarda a sa shi a but ba. Kafin mu kai Zariya ƙamshi ya cika motar, direba ya ce, "Alhaji, in ka ba ni rabi na yafe kuɗin mota." Baba ya ce na manya ne. A Tafa muka ci shinkafa da wake, muka yi Azahar a Zuba.

Mpape

Mun sauka wajen Sabo, ɗan unguwarmu da ke sayar da tsire a can Mpape, wata unguwa a gefen Abuja. Sai da muka hau tudu a ƙafa ta wani lungu, ana jin ƙarar fasa dutse daga nesa. Baba ko hutawa bai yi ba, ya ce a kai shi ya gaishe da shugaban hukumar. A wajensa haka ake neman alfarma: ka sami babba a keɓe, ka gaishe shi, ka ajiye tsaraba, sannan ka kawo kuka.

A ofishin muka tarar da wata jami'a, Madam Rifkatu, 'yar Filato. Ta saurare mu da fara'a, ta turo mana ƙunshin da Baba ya ajiye mata.

"Baba, oga ba zai gan ka ba. Kilishi ɗin nan kuma in na karɓa, aikina ya tafi. Gobe ka zo ka faɗa a gaban kowa. Abin da aka faɗa a zauren shi ake rubutawa. Ko doka ɗin ya fito kun kai mu kotu, alƙali zai tambaya ne, an ji su? Me suka ce?"

Baba ya fito ransa a ɓace. Ba a taɓa mayar masa da kyauta ba. Na ji tausayinsa, amma can cikin raina na ga matar ta yi mana gata.

Zauren taro

Washegari Sabo ya sa mu a mota zuwa cikin gari. Zauren ya cika da masu kamfani da lauyoyinsu, kowa da abin da yake so a gyara, kuma ba wanda ya ji nauyin faɗa. Wata likita ta yi bayanin yadda ƙuda da ƙura ke sa mutane gudawa. Ina fassara wa Baba a kunne, yana gyaɗa kai.

Da aka kira masu kilishi, Baba ya miƙe, ya gyara babbar riga. Ya yi sallama, ya gode wa hukuma, ya yi wa shugaban zaman addu'ar ƙarin girma, ya ce su talakawa ne masu biyayya. Sai ya zauna. A tsarinmu ya gama magana ke nan, don babba mai hankali zai gane akwai saura, ya neme ka daga baya.

Shugaban zaman ya duba mai rubutu ya ce da Turanci, masu kilishi ba su da ja.

Na ce, "Baba, an rubuta mun yarda."

"Wa ya ce mun yarda?"

"Shirun da ka yi."

"Kai Habu, a gaban jama'a zan yi musu da manya?"

"In ba a nan ba, babu wani wurin, Baba."

Har an kira na gaba, sai Baba ya sake miƙewa. Ya ce a gafarce shi, yana da ja. Naman da bai sha rana ba ba kilishi ba ne, kuma garin da wuta ke yin kwanaki ba ta zo ba, da me za a kunna inji? Likitar ta tambaye shi ko ƙuda na sauka a kan shanyarsa. Da na fassara masa, na so in sassauta amsar, ya riga ni: "Yana sauka, 'yata, ƙarya ba ta da amfani." Ta ce in an yarda da rana, za su iya rufe shanya da raga a ɗage ta daga ƙasa? Ya ce za su iya. Aka rubuta duka. Ba a yi mana alkawarin komai ba, an dai ce za a duba a ba da amsa da dalili.

Komawa gida

Washegari muka sake dacewa da direban da ya kawo mu. A Zuba Baba ya sa shi ya jira, ya sayi raga bandir guda, alhali ba wanda ya tilasta masa tukuna. Kilishin manya kuwa mu da fasinjoji muka cinye shi kafin Kaduna, direba ya sami rabonsa.

Mun iso Funtuwa ana kiran Magariba. Mun gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya, na kuma gode wa Sabo da Madam Rifkatu. Masu kilishi suka taru a ƙofar gida suna tambaya ko an ci nasara. Baba ya ce bai sani ba, amma ya faɗa an rubuta.

Da suka watse ya riƙe hannuna ya ce, "Habu, abu ɗaya ke damuna. Duk shirun da na yi a gaban manya tun ina saurayi, ashe 'ya yarda' ake rubutawa."