Boyi Mai Furfura

Yayana boyi ne. Na faɗa, mai murguɗa baki ya murguɗa.

Tun yana saurayi ya kama aiki a gidan wani Bature. Baturen ya tafi, gida ya koma hannun wani likita, Yaya yana nan daram. Shi ke riƙe da makullin sito, shi ke guga, shi ya san cokalin da ake ajiyewa dama da na hagu. Kwalar riga in ta fito daga hannunsa, sai ka rantse za ta yanka yatsa. Unguwa kaf Baba Boyi ake ce masa, kuma da girmamawa, don a wurinmu boyi mutum ne da aka amince wa har ɗakin kwana.

Sai babban ɗansa, wanda ya yi karatu ya zama akawu, ya ga yarinya. Ana jibi iyayenta za su zo ganin gida, ya sami uban a tsakar gida yana goge takalmi.

"Baba, don Allah in sun tambayi sana'a, ka ce manajan gida. Kalmar boyi fa a Turanci yaro take nufi. Raini ne, ko tsoho haka suke kiransa. Mutanen nan 'yan boko ne, za su iya hana ni ita."

Ina gefe ina wanki, raina ya ɓaci. Ji ɗan nema! Me ya ciyar da kai har ka yi wuyan faɗin haka?

Yaya ko ɗagowa bai yi ba. Ya ce, "A bakinsu ne take yaro. Da ta shigo namu ta girma, tare muka yi furfura. Ba zan yi wa baƙi ƙarya a gidana ba."

Ranar, aka zazzauna a falo, aka sha ruwa. Kawun yarinyar ya gyara tabarau, ya tambayi sana'ar maigida.

"Boyi ne ni," in ji Yaya. "Da guga da wanke-wanke na rene shi. In 'yarku ta fi ƙarfin ɗan boyi, ku riƙe abarku, ba gaba."

Kawun ya juya wajen akawun namu. "Kai kuma ka ce mana manaja ne."

Sai na ga ɗan Yaya ya sauko daga kujera, ya zauna ƙasa kusa da ƙafar ubansa.

"Ƙarya na yi, Kawu. Ɗan boyi ne ni. In za ku ba ni, a haka za ku ba ni."