Ranar da Na Tsaya wa Makara

Adaidaitar kamfani da na tuƙa ta lantarki ce, da wata na'ura a cikinta mai gaya wa biro, wato ofishinmu, duk inda na tsaya. Don tsoronta ko ruwa ba na sauka in sha.

Wata rana a Zango na gamu da makara. Ban iya wuce gawa ina zaune ba. Na sauka, na sa kafaɗa, na raka su har maƙabarta.

Da yamma shef, shugabanmu a wurin aiki, ya kira ni kan tsayuwar, na gaya masa gawa na raka. "Malam, mamacin fasinjanka ne?"

Na ce, "Musulmi ne, ranka ya daɗe."

Ya karɓe lakile, wato makullin adaidaitar. Har yau ina tambayar kaina ko amanar kamfani na ci. Ita dai na'urar ba ta ga makara ba, tsayuwata kawai ta gani.