Tudun Hajiya

Cikin duk ranakun da na yi ina tsaron bakin kasuwar Talata Mafara, akwai wata Talata da har yau ba ta fita raina ba. Tunda ku sababbin ma'aikata kun zo gaishe ni kuna tambayar yadda muka yi aiki a da, ita zan ba ku.

A shekarun da ake gina madatsar Bakolori ne. Ni lokacin ƙaramin ma'aikaci ne a sashen kasuwa da tasha, aikina in nuna wa motocin kaya inda za su tsaya su sauke. Kafin aikin dam, mota inda ta ga dama take tsayawa, jakuna su kewaye ta su wuce. Da aiki ya kankama sai ga tireloli ɗauke da siminti da rodi suna ratsa gari, hanyar kuwa ta matse daidai gangaren rumfunan mahauta. Shi ya sa aka kafa doka: ranar kasuwa ba motar kaya da za ta tsaya ko ta sauke a bakin titi. An share fili a bayan kasuwa, shimfiɗaɗɗe kamar tabarma, can kowa zai shiga. Wanda ya saɓa a gargaɗe shi, ya sake a kai shi ofis, ya ƙara a hana motarsa shiga kasuwa gaba ɗaya.

Direbobi suka yi gunaguninsu suka bi, ban da Baba Nomau. Dattijo ne mutumin Bakura, mai barkwanci, yana kawo rake da dankali a wata tsohuwar mota mai bodin katako da yake kira Hajiya. Duk Talata sai ya kafa ta a kan gangaren nan, hancinta na kallon ƙasa, ya sa mata dutse a taya. Na gargaɗe shi. Ya dafa kafaɗata ya ce, "Ɗana, mi kake so in yi? Hajiya ta saba da ƙamshin balangun Sarkin Fawa, in na kai ta can baya sai ta yi hushi." Na yi dariya, amma mako na gaba dole na kai shi ofis.

Shugaban sashenmu, Malam Garba, mutum ne mai haƙuri, amma ranar ransa ya ɓaci, don wata tirela ta kusa murƙushe mai tallan nono wajen kauce wa Hajiya. Bayan Baba ya fita ya ce mini, "In ka sake ganin motar ga bisa gangare, ta gama shiga kasuwarmu. Rai ya fi rake." Gaskiya ya faɗa, kuma na sani. Na kuma san motar nan ita ce abincin gidan Baba.

Abin ya dame ni, don ban ga dalilin taurin kan ba. Da la'asar, maimakon in koma tasha, na zauna a rumfar mai shayi ina kallon motar. Baba ya gama sallama da mutane ya hau. Bai murza makulli ba. Sai wani mahauci ya taso kamar zai je wanke wuƙa, yana wucewa ya ture dutsen da ƙafa ba tare da ya dubi motar ba. Hajiya ta gangara shiru, ta yi tari, ta yi atishawa, ta kama. Duk rumfar mahauta ba wanda ya ɗaga kai. Ashe motar ba ta tashi da makulli, sai da gangara. A filin can kuwa sai dai a tara ƙarti su tura ta a gaban 'yan kasuwa, a lokacin da sababbin motoci suka cika gari suna neman lodi. Wa zai sake ba ta kayansa?

Na tafi wurin Sarkin Fawa. Muka gaisa, ya tambayi gida da aiki da gajiya, sannan na faɗa masa abin da na gani. Ya ce, "Yanzu kag gani? Mu mun daɗe da sani. Ƙarfen da ya lalace ba a samun irinai, motar ta girme ka. Amma kak ka kuskura ka hwaɗa mai ka sani. Mutumen ga shi ya ɗauko gawar mahaifina daga Bakura, bai karɓi ko godiya ba." Na ce, "Ranka shi daɗe, doka kam ba ta ɗaguwa." Ya ci gaba da wasa wuƙarsa, ya ce, "To, ai mu ma muna da koke. Muna son tudun lodin shanu cikin filin ga."

Tudun lodi, ga wanda bai sani ba, ƙasa ce ake tarawa, mota ta jingina da gefe mai tsayi, shanu su hau ta gangaren su shiga. Koke ne mai kyau, fatake sun daɗe suna wahala. Malam Garba ya amince, ya roƙi wani foman aikin dam, aka ba mu 'yan tifofin jar ƙasa da aka haƙe ba a bukata. Mahauta suka fito da shebur da kansu. Da Malam Garba ya zo duba aiki, ya tarar gangaren ya yi faɗin titi, ya yi tsawo har ya kusa bakin fili. Ya ce, "Sarki, wane irin sa za ya hau nan?" Sarkin Fawa ya ce, "Shanunmu masu hwaɗi ne, Malam." Malam Garba ya dube shi, ya dube ni, ya gyara hularsa ya tafi. Ban taɓa son mutumin nan kamar ranar ba.

Talatar da nake ba ku labari, tun da hantsi ina bakin titi. Ga Hajiya tafe tana hayaƙi, ta nufi gangarenta. Na tare ta na ce, "Baba, fili duk ya cika, wuri ɗaya ya rage, bisa tudun shanu. Ka yi haƙuri ka hau da baya, su sai da yamma suke lodi." Ya leƙa filin, wanda rabinsa fayau yake. Ya daɗe yana kallon tudun. Sannan ya ce, "Kai dai ka cika takura ma tsoho," ya juya kan mota.

Da la'asar mahaucin nan ya zagayo har bayan kasuwa wanke wuƙarsa, ko da yake ba ruwa a wurin. Hajiya ta gangara, ta yi tarinta, ta kama. Da Baba ya zo daidai ni ya rage tafiya, don tsayawa ba ta yiwuwa. Idanunsa sun cika. Ya ce, "Ɗana, ka gai da shanun." Ni ma sai da na kau da kai.

Ya ci gaba da kawo rakensa har ƙarfinsa ya ƙare, kuma tun daga ranar ba motar da ta sake tsayawa a gangaren mahauta. Abin da na koya shi ne, direban da ya ƙi bin doka, kafin ku kai shi ofis, ku zauna ku ga yadda yake tashi. Har na bar aiki mutane Tudun Hajiya suke kiran wurin, baƙi na zaton wata attajira ce ta gina shi. Mu da muka sani ba mu taɓa gyara musu ba.